Kwaɓin Kwali da Wuƙar Anti Norma

Ni dai ban taɓa cewa na tsani Sanet ba, kada wani ya sa mini magana a baki. Ni na je filin jirgi na ɗauko ta da iyalinta, ni na ba ta tukwanena biyu da barguna, ni na nuna mata yadda ake jona mota da wuta cikin hunturu don kada injin ya daskare. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Abin da na nema a garin nan har na haƙura, na shekara tara ina wahala saboda rashinsa, yarinyar nan ta shiga kanti sayen madara ta fito da shi a hannu.

Daga Afirka ta Kudu muka zo, ni da mijina Dawie. Shi likita ne, aka kawo shi wannan ɗan garin da ke lardin Saskatchewan mai kanti ɗaya da asibiti ɗaya, sauran duk gonakin alkama ne. A can gida in mace tana son yin fai, wato gashin nan mai ɓawon fulawa da ake zuba 'ya'yan itace a cikinsa, firizar kanti take zuwa ta ɗauko kwaɓi a naɗe, ta warware, ta shimfiɗa a faranti, ta zuba abin da za ta zuba, ta jefa a oben. Haka uwata take yi, haka ƙannenta suke yi, kuma ba wanda ya taɓa ce musu ragwaye.

Ban yi wata biyu da zuwa ba aka buga mini waya aka ce walimar kaka, wato ta lokacin girbi, ta matso, kowane gida zai kawo fai biyu zauren gari. Na ce ai wannan ba komai ba ne. Na tafi kanti na buɗe firiza ta farko, na buɗe ta biyu, na cusa kai cikin ta uku har kunnuwana suka sandare. Wake ne da kifi da askirim, babu ko alamar kwaɓi. Tambayar mai kanti kuwa ban yi ba, don ban so a ce matar likita ba ta san inda ake ajiye kaya ba. Sai na tsallaka titi gidan tsohuwar da ke fuskantar namu, wadda take ɗaga mini hannu kullum da safe, na tambaye ta a ina ake sayen kwaɓin fai.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Saye? 'Yar nan, a nan da hannu muke yi. Ki zo ran Asabar."

Norma ke nan. A lokacin ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana can Vancouver sai shekara ta zagayo take leƙowa. Kowa a garin da sunanta tsurarsa yake kiranta, har yaran makaranta. Ni kam bakina ya ƙi, don a wurinmu ba a yi wa sa'ar uwarka haka. Na ce mata Anti Norma. Ta yi dariya har tana share hawaye, ta ce tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa kiranta haka, amma ta karɓa. Ni kaɗai nake kiranta da shi a duk faɗin garin.

Duk Asabar ina kicin ɗinta. A ciro kitse daga firij da sanyinsa, a yayyanka ƙanana, a murtsuke shi cikin fulawa da kan yatsu, a dinga ɗiga ruwan ƙanƙara kaɗan-kaɗan. In ka yi gaggawa ya dagargaje, in ka daɗe kana juya shi ya yi tauri kamar fatar takalmi. Matsalata hannuna ne. Sai ta kama shi ta girgiza kai, ta ce zafi gare shi kamar na mai zazzaɓi, yana narkar da kitsen tun bai shiga wuta ba. Ta ware mini kwano guda, in cika shi da ƙanƙara in tsoma hannuwa har su yi jawur kafin in taɓa fulawa. Hunturun farko ba ni da kowa, Dawie yana asibiti dare da rana, dusar ƙanƙara ta kai taga. Na sha kuka a kicin ɗin nan. Ba ta taɓa ce mini in yi shiru ba, sai dai ta turo mini sandar murji ta ce in huce a kan kwaɓi.

Na iya kuwa. Ba yabon kai ba, ɓawon fai ɗina in ka sa cokali mai yatsu ji za ka yi yana ruɓuɓɓushewa zara-zara. Wajen shekara ta biyar Anti Norma ta ce na kammala, ba sauran abin da za ta koya mini, daga yanzu in na zo kofi kawai za mu sha. Daga nan ban sake ganin ta yi kwaɓi a gabana ba. In na je ta kan miƙo mini kwalbar jam in buɗe mata, ta zauna hannuwanta a ƙarƙashin tebur muna hira. Na ɗauka girma ne ta ba ni.

A walimar kaka ana cin talotalo da dankali da sauran tarkace, amma mu mata teburin fai muke kallo. Kowace takan manna ɗan filasta a gindin farantinta ta rubuta sunanta, don a mayar mata da shi. Anti Norma ce ke tsayawa a bayan teburin da wata tsohuwar wuƙa mai baƙar ƙota, ta uwar mijinta. Ita ke yanka, ita ke zaɓen wanda za a fara fitarwa da wanda zai jira. Wadda faranti ya koma mata a suɗe, ranar sai ka ga tana tafiya da ƙyar don taƙama. Wadda nata ya yi saura, ta lulluɓe abinta ta bi ta ƙofar baya. Bana da bazara, a taron mata, Anti Norma ta ce ƙafafunta sun gaji da tsayuwa, wannan kakar za ta miƙa wuƙar. Ba ta kira suna ba, amma duk suka juyo suka dube ni. Na sunkuyar da kai kamar ban gane ba, zuciyata kuwa fari tas.

Sai ga Sanet. Mijinta Hennie ne sabon likitan da aka kawo ya taya Dawie. Yarinya ce siririya, dariya ba ta yi mata wuya, 'ya'ya uku ƙanana suna rataye da ita. Tun a filin jirgi ta ce mini Anti Rina. Ni da nake ganin a matsayin yayarta zan tsaya, aka ɗaga ni zuwa Anti. Na haɗiye.

Ko sati uku ba ta cika ba ta kira ni in zo in sha shayi. Ina shiga ƙamshi ya tare ni. Ta ciro fai ɗin tuffa daga oben, gefensa a jere cif kamar an ɗinka. Na ce a raina, to, ashe 'yar gari ce a harkar. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta kwashe da dariya, ta buɗe kwandon shara ta ciro wani dogon kwali na kwaɓin kanti ta nuna mini.

"Anti, ai sun fi mu wayo a nan. Ba a firiza suke sa shi ba. Yana ƙarƙashin inda ake jera bota, can ƙasa, sai kin durƙusa. Ƙaramar ce ta yar da takalmi, na sunkuya ɗauka na gan shi."

Ƙarƙashin bota. Duk sati sai na tsaya a wurin nan na ɗauki bota. Shekara tara gwiwata tana gogar kwalin nan, ni kuwa ina can ina daskarar da yatsuna a kwano. Na karɓi kwalin na juya shi, na ce ai na san da shi, ban dai ɗauke shi abinci ba ne. Na kuma ja mata kunne cewa matan garin nan ba sa wasa da wannan maganar, ta rufa wa kanta asiri. Ta ce to. Na ci yanka ɗaya don kada ta ji babu daɗi, kuma abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne yana da daɗi.

Cikin watan takwas wani tsohon manomi ya rasu, aka yi cin abincin makoki a ɗakin ƙasa na coci. Na kai fai ɗin zabibi, Sanet ta kai nata na tuffa. Ina tsaye ina zuba wa mutane kofi, idona yana kan Anti Norma. Ta ɗauki na Sanet, ta kai baki, ta tauna a hankali. Ta daɗe tana kallon farantin. Na ce a raina yau asiri zai tonu, harshen da ya shekara hamsin yana aikin nan ba a yi masa wayo. Sai na ga ta yi wani ɗan murmushi, ta yafito yarinyar, ta kama hannunta ta riƙe cikin nata.

Ta ce, "Ji hannu da sanyi. Ke don wannan aka yi ki."

Sanet ta ce, "Na gode, Anti Norma."

Kofi ya cika kofin mutumin da nake zuba wa har ya malala a tebur. Ban san wanda ya fi ci mini rai ba, sanyin hannun ko sunan. Hannun da ko fulawa bai taɓa ba, warware takarda kawai ya yi, shi ake yabo. Ni kuwa tsawon shekarun nan ba ta taɓa kama hannuna ba sai don ta ce ya yi zafi. Sunan kuma nawa ne, ni na kawo shi garin nan, yarinyar ta ji a bakina ta ɗauke kamar an ajiye mata.

A mota Dawie, da ba ya taɓa gane lokacin da ya kamata mutum ya yi shiru, ya ce fai ɗin matar Hennie ya tuna masa da na mahaifiyarsa. Na ce ai dole, kamfani ɗaya ne ya haife su. Ya ce me na ce? Na ce ya kalli hanya.

Daga nan na fara ganin motarta a ƙofar Anti Norma. Tagar kicin ɗina tana kallon gidan, ba laɓe nake yi ba, wanke-wanke ne ke tsayar da ni a wurin. Yau ta kawo mata magani daga asibiti, gobe ta kawo yaran su tsinki tuffa a bayan gida. Wata Asabar na je shan kofina na tarar da ƙaramar 'yar tana zaune a kujerata da kofina mai hoton tsuntsu, an zuba mata madara a ciki. Anti Norma kuwa sai labarin Sanet take yi mini, wai yarinyar akwai hankali, wai ba ta da ƙyashi. Na ce haka ne. Kishi nake yi, kishi ƙarara, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya tana kishin yarinya a kan tsohuwa, na san yadda abin yake a kunne, amma haka nake ji. Har na fara jin mata suna cewa ai gara a ba wa mai ƙuruciya wuƙar, ta fi jure tsayuwa.

Na yi tunanin in je in faɗa wa Anti Norma gaskiya. Amma in na faɗa na zama mai tsegumi, ita kuma ta zama baiwar Allah da aka tona. Sai wata dabara ta zo mini, kuma har yau ina ganin dabara ce mai tsabta. Ba zan ce komai ba. Zan dai bar kowa ya zo da abin da hannunsa ya iya.

Walima ran Lahadi ce. Motar kaya ran Talata take zuwa kanti, birni kuma tafiyar awa biyu ne, ga girbi ya makara, kowane mai ƙafa yana gona. Ran Alhamis da hantsi na tura keken kanti har gaban bota, na duba hagu na duba dama, na durƙusa. Na yi mamakin yawan kwalayen. An jera su har can ciki, layi a bayan layi, na ce wannan kantin bai san ciniki ba, wa zai sayi wannan tulin a garin da kowa ke yi da hannu? Na kwashe su tas, na ɗora burodi a kai.

Gail ce a wurin biyan kuɗi, mace mai shekara sittin da ta san abin da kowa ke ci a garin. Ta ɗaga burodin, ta tsaya.

"Duka, Rina?"

"Duka. Akwai saura a ciki?"

"Babu." Ta dubi kwalayen. "Ko biyu ba za ki bari ba?"

Na ce ai na sayarwa ne, ko an hana ni ne? Ta ce ba a hana ni ba. Ta dinga wuce su ɗaya bayan ɗaya tana kallona da wani irin ido, har na ce mata ko na ci mata bashi ne. Na kai su gida na danna a firizar ɗakin ƙasa, ƙarƙashin naman barewar da wani majinyaci ya ba Dawie.

Ran Asabar da safe waya ta yi ƙara. Sanet ce. Ta ce ta je kanti babu ko ɗaya, Hennie yana bakin aiki ba mai riƙe mata yara ta je birni, ga shi ta yi alkawarin fai biyu. Na ce ayya. Ta ce ko zan iya nuna mata yadda ake yi, ko sau ɗaya, za ta kawo fulawarta. Na ce ai da na so, amma yau kaina ya ɗau zafi, shida nake yi. Na ce kada ta damu, ba wuya, fulawa ce da kitse da ruwa, kuma ai ita hannunta da sanyi.

Na ajiye wayar raina fes. Na cika kwanona da ƙanƙara, na fara aiki ina 'yar waƙa.

Ban gama murza na farko ba na ga motarta ta tsaya a ƙofar Anti Norma. Ta sauke yara, ta sauke buhun fulawa. Na ce to, za ta je ta tona kanta da kanta, ba ruwana, yanzu za a rako ta. Na jira. Ba a rako ta ba. Rana ta take, motar tana nan. Tagar kicin ɗin Anti Norma ta yi gumi irin na ranar gashi, wanda na shekara huɗu ban gani ba. La'asar ta yi ina jiyo dariyarsu ta tsallako titi. Sau ɗaya na hango su ta gilashi, Sanet a sunkuye kan tebur da sandar murji, tsohuwar a bayanta tana nuna mata da haɓa. A wurin nan ni nake tsayawa a da. Na danne kwaɓin da ke hannuna har ya yage, dole na sake wani.

Ran Lahadi na riga kowa zuwa zaure. Na jera nawa, kabewa uku, zabibi biyu, lemun tsami ɗaya, kowanne kamar a ɗauki hotonsa. Sai mata suka fara shigowa. Lorna, wadda ake labarin fai ɗinta har garuruwan maƙwabta, ta shigo da kek, wai oben ɗinta ne ya ƙi zafi. Matar fasto ta zo da biskit, wai wuyan hannunta ne ya motsa. Wata ta kawo 'ya'yan itace a kwano, ba ta ma tsaya ba da uzuri ba. Ta huɗu ta kawo fai, amma gara da ba ta kawo ba, ɓawon ya ƙone gefe ɗaya, ɗaya gefen ɗanye. Teburin da kowace shekara sai an ƙaro masa wani, yau rabinsa babu komai. Kuma duk wadda ta shigo ba ta gaishe ni, sai ta dube ni sama da ƙasa ta wuce. Ashe Gail ba ta bar maganar ta kwana ba.

Nan na gane wa aka jera wa tulin nan. Munafukan banza. Shekara da shekaru suna yi mini kallon ɗaliba, suna ba ni shawara a kan kitse, ashe kowace durƙusawa take yi gaban bota ta rufe da burodi. Da a ce iyakar abin ke nan, da dariya zan yi har in faɗi.

Sai ƙofa ta buɗe, Anti Norma ta shigo tana dafe da kafaɗar Sanet, Hennie a bayansu da farantai huɗu. Aka ajiye. Gefensu a karkace, an yi musu faci wuri-wuri, aikin ɗan koyo dai, amma na hannu ne, ba mai musu. Na ɗaga ɗaya kamar zan gyara masa zama, na leƙa gindinsa. Filasta ɗaya ce, an rubuta suna biyu a kai, Norma da Sanet.

Anti Norma ta ce in biyo ta kicin. Ta zauna a kan kujerar da ke kusa da tukunyar kofi, ta buɗe jakarta, ta ciro wuƙar a naɗe cikin tawul. Ta daɗe tana fama da naɗin. Sai ran nan na kalli hannuwanta da kyau. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun sun karkace gefe guda, babban yatsan ko lanƙwasuwa ba ya yi.

Ta ce, "Gail ta ce firizarki ta cika."

Ta ci gaba.

"Ran Juma'a na je ɗaukar nawa. Na durƙusa, da ƙyar na tashi, kuma ba komai a wurin."

Na ce, "Naki?"

"Shekara huɗu ke nan. Kin ga hannun ai." Ta ɗora su a cinya ta bar ni in gani. "Ran makoki ina sa na yarinyar nan a baki na ji irin nawa ne sak. Na ga tsoro a idonta, shi ya sa na kama hannunta."

Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba? Gidana yana tsallaken titi. Da na zo duk Asabar na yi mata, da na yi mata ashirin in tana so, ba wanda zai ji. Na ce ni ce fa, Anti, ni ce.

"Ke ce dalili." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Ni na ce miki a nan da hannu muke yi. Kika ɗauki maganar kika riƙe fiye da kowa. Na sha jin abin da kike cewa a kan masu sayen na kanti, a teburina, kina shan kofina. Kunyarki nake ji, Rina. Ita kuwa ba ta san ni da hannu ba. Jiya ta shigo tana kuka ta ce ba ta iya ba, na ce ni ma na daina iyawa. Shi ke nan muka yi dariya muka hau aiki."

Ta miƙo mini wuƙar ta ƙota. Ta ce tawa ce, dama tawa ce tun bazara, ba ta taɓa tunanin wata ba, ba wadda ta kai ni a garin nan. Na karɓa. Ta fi yadda nake zato nauyi. Ta ce in yanka ƙanana bana, don abin ba zai isa ba, kuma in fara fitar da nawa.

Haka na tsaya a bayan teburin, inda na shekara tara ina mafarkin tsayawa. Nawa suka ƙare tun layin farko bai gama wucewa ba, farantai shida a suɗe tas. Wani manomi ya ce bai taɓa cin na kabewa irin wannan ba. Na ce na gode. Idona yana can ƙarshen zaure, inda Anti Norma ta zauna cin abinci karon farko a rayuwarta ta walima, ƙaramar 'yar a cinyarta, Sanet tana yayyanka mata talotalo ƙanana a faranti. Ko neman izini ba ta yi ba, ta jawo farantin kawai ta hau yanka, tsohuwar kuma ta bari. Ni ko tayi ban taɓa yi mata ba, don ban taɓa lura ba, kuma wannan ma haushinsa a kan yarinyar na ɗora shi. Nasu na fitar a ƙarshe. Su ma ba su yi saura ba.

Da aka watse ina goge teburi, Anti Norma ta zo wucewa, Sanet ta tafi kawo mota bakin ƙofa. Na ce mata Asabar mai zuwa zan shigo da wuri, in tana so mu yi na tuffa, ta zauna kawai ta yi ta ba da umarni. Ta ce ai ta riga ta yi wa yarinyar alkawarin Asabar, akwai sauran aiki a gabanta, ko gefe ba ta iya tsunkulewa ba tukuna. Ni kuwa na kammala, me zan zo in koya?

Ta gyara mayafin wuyanta, ta taka biyu, ta waiwayo.

"In kin huce, ki ciro mini kwali biyu cikin na firizarki, na coci ne ran Laraba."

Na ce gobe da sassafe zan kawo mata da kaina.

Ta ce, "A'a, kada ki wahalar da kanki. Ki ba Sanet, dama za ta biyo."